Tarihin Kaifi: Daga Tamar Maƙeranmu Zuwa Wuƙar Titaniyam

Maƙalar wannan makon a kan wuƙa take, ko yuƙa, kamar yadda bakin dattawanmu na yamma ya saba faɗa.

Akwai wata irin wuƙa da ake yayi a tsakanin masu tara wuƙaƙe a Amurka da Turai. 'Yar aljihu ce mai naɗewa, maƙeri ɗaya ke zama a ɗan shagonsa yana ƙera ta da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Da titaniyam ake yin ta maimakon baƙin ƙarfe, sannan a bi gefe ɗaya na bakinta a shafe shi da wani sinadari mai tsananin tauri da ake kira kabayid. Guda ɗaya takan kai dala ɗaruruwa, wato kuɗin rago mai kyau a kasuwarmu. Abin da masu tallarta suka fi kambamawa shi ne wai tana wasa kanta da kanta, ba ta neman dutse. Wanda ya tashi a Batsari ko Safana, ya saba ganin mahauci yana goga wuƙa da wuƙa kafin kowane yanka, zai ji maganar kamar tatsuniya. Akwai gaskiya a cikinta, akwai kuma talla. Kafin a rarrabe su sai an koma baya, domin matsalar da wannan wuƙar ta zo warwarewa ita ce maƙeranmu suka shekara ɗaruruwa suna kokawa da ita.

Matsalar kuwa ita ce ƙarfe ba ya ba ka abu biyu a lokaci guda. In ya yi tauri sosai zai riƙe kaifi, amma da ya gamu da ƙashi sai ya ɓantare, ko ya karye gaba ɗaya. In ya yi laushi ba zai karye ba, sai dai bakin ya lanƙwashe ya dakushe kafin a gama fiɗar akuya ɗaya. Duk inda aka taɓa ƙera wuƙa, daga Ruma har Japan, abin da maƙeri ke nema shi ne baki mai tauri da jiki mai juriya a ruwan wuƙa guda. Mu lura da kalmar, ruwan wuƙa Bahaushe ke ce wa ɓangaren ƙarfenta, kamar yadda yake cewa ruwan gatari da ruwan takobi.

Kafin zuwan Turawa, daga ƙasa muke tono ƙarfenmu. Masu binciken kayan tarihi sun gano murhunan narka tama a Taruga, kusa da Abuja ta yau, waɗanda suka haura shekara 2,000. A gindin Dutsen Dala ma an sami shaidar cewa ana wannan aikin tun wajen ƙarni na 7, kuma labarin baka na Kano yana danganta kafuwar garin da Abagayawa, maƙeran da kakansu ya taso daga Gaya neman tama. Yadda ake yi shi ne a gina dogon murhu na laka, a jera gawayi da dutsen tama hawa-hawa, a kunna wuta a kwana ana tsaronta. Zafin murhun yakan kai wajen digiri 1,200, alhali ƙarfe tsantsa ba ya narkewa sai a digiri 1,538. Saboda haka, duk da muna cewa narka tama, ƙarfen kansa ba ya zama ruwa. Dattin dutsen ne ke narkewa ya gangara ƙasa ya daskare, shi ne kashin maƙera. Abin da ake zaƙulowa wani curi ne mai ramuka kamar soso, wanda sai an mayar da shi wuta an yi ta dukansa a kan uwar maƙera kafin ya haɗe ya zama ƙarfen aiki.

A nan gizo ke saƙar. Abin da ke ba ƙarfe tauri shi ne ɗan sinadarin gawayi da ya shige jikinsa, wanda masana ke kira kabon. A curin tama wannan sinadari ba ya bazuwa daidai. Wani gefen ya sha da yawa, wani gefen kusan babu. Curi ɗaya sai ya ba ka ƙarfen da ya dace da bakin wuƙa da kuma wanda bai wuce a yi ƙusa da shi ba, kuma ba wani awo a hannun maƙeri in ban da amon ƙarfen a kunnensa da yadda yake amsa masaba. Waɗanda suka yanka tsofaffin ƙarafan Afirka suka duba su a madubin ƙara girma sun lura cewa da yawansu dukan masaba ne ya taurara su. Wato maƙeri ya ci gaba da dukan bakin bayan ya huce har ya tsuke ya ƙara ƙwari. Irin wannan bakin yana yanka, yana saurin ɗaukar wasa, amma yana saurin sakinsa.

Yammacin Katsina yana da abu biyu da ƙira ke so, daji da yaƙi. Dajin Rugu da ke bayanmu ya ba da itace, musamman ƙirya, wadda gawayinta ya fi kowanne a wurin maƙeri saboda nauyinsa da daɗewar garwashinsa. Yaƙi kuwa, bayan da masu jihadi suka ci Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, sai ƙasar Ruma, wadda Batsari ke riƙe da sarautarta a yau, ta zama bakin daga. Kusan duk ƙarni na 19 mahara na ratsa ta, kuma cikin irin wannan zama ne jarumai irin su Ɗanwaire suka yi suna. Wanda ke son bin diddigin wannan zamanin sai ya nemi littafin marigayi Dakta Yusufu Bala Usman kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883. Garin da ke zaman jiran hari kuwa, bayan ganuwa ba abin da ya fi buƙata kamar maƙera. Kibiya, mashi, wuƙar damtse, linzami, sannan in damina ta faɗi a koma kan hauya da galma.

A watan Maris na 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya fita daga birnin Katsina zai tafi Sakkwato. Ya bi ta Kuraye da Kurfi, ya yada zango a Zakka, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Safana, kafin ayarinsu ya ratsa dajin da ke gaba cikin fargabar mahara. Abin da ya fi shafar maganarmu shi ne lissafin da ya yi shekara biyu kafin nan, a 1851, na kayan Turai da ya gani a kasuwar Kano. Cikinsu har da ruwan takubba daga Solingen ta Jamus, waɗanda ya ƙiyasta ana shigo da kusan 50,000 a shekara, da kuma asake daga lardin Sitiriya na ƙasar Ostiriya. Raƙuma ne ke ɗauko su daga Tarabulus su keto Sahara da su.

Tambayar da ya kamata ta tsayar da mu ita ce, me zai sa ƙasar da ke da tama da maƙera a kowane gari ta sayi aska daga bayan hamada da teku? Amsar tana cikin curin nan da muka ambata. Ƙarfen Solingen da na Sitiriya an sarrafa shi har taurinsa ya zama bai ɗaya daga tsini zuwa gindi, an kuma taurara shi da wuta da ruwa. Fartanya ba ta damu da wannan ba. Amma takobi dogo ne, rauni ɗaya a tsakiyarsa ya isa ya kashe mai shi, aska kuma bakinta siriri ne ƙwarai, ɗan wuri mai laushi ya isa ya sa ta tsinke gashi maimakon ta yanke shi. Don haka aka raba aiki: ruwan ya zo daga waje, maƙeranmu da dukawanmu su yi masa ƙota da kube. Har ta kai maƙeran nan da na Azbin suna buga irin tambarin da ke jikin takubban Turai a kan waɗanda suka ƙera da kansu, don su yi daraja a kasuwa. Jabu dai ba yau aka fara shi ba.

A ganinmu, wanda ke neman asalin wuƙa mai naɗewa a hannun Bahaushe, zabirar wanzami ya kamata ya fara buɗewa. Askar da ke komawa cikin ƙotarta a kan ƙusa guda ita ce ƙirar da ta fi kowace sauƙi, babu makulli, babu komai, ɗan yatsan wanzami ne ke riƙe ta a buɗe. 'Yar wuƙar aljihu ta kanti daga baya ta zo. Solingen ɗin nan ce ma ta fara ƙera wuƙar Okapi a 1902 musamman don kasuwannin Afirka, kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Amma a ƙauyukanmu mai naɗewa ba ta taɓa ture mai kube ba, domin ƙusar da wuƙa ke naɗewa a kanta ita ce rauninta, kuma jini da kitse da yashi duk can suke taruwa.

Abin da ya kashe narka tama ba takubban Solingen ba ne. Jirgin ƙasa ne. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kuma bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Tare da shi sai ga ƙarfe ya cika ƙasa: guntayen dogo, ganguna, sandunan da 'yan kasuwar Turai ke kawowa, daga baya kuma gawarwakin motoci. Maƙerin da a da sai ya tara mutane su sari itace, su toya gawayi, su tono tama, su kwana a daji don curi ɗaya, yanzu da 'yan kuɗi kaɗan zai sami ƙarfen da ya fi nasa daidaito. Ba wanda zai ga laifinsa. Cikin zuriya ɗaya ko biyu ilimin da ya shekara fiye da dubu ya bi tsofaffi kushewa. A ƙasar Adar ta Nijar ne wata Bafaranshiya mai suna Nicole Echard ta riski waɗanda suka san aikin a shekarun 1960, ta rubuta shi, ta kuma ɗauke shi a fim. A Kano kuma Philip Jaggar, wanda ɗaliban Hausa suka fi sani da nahawu, ya zauna da maƙeran birni a farkon shekarun 1970, littafinsa a kansu ya fito a 1994. Irin zaman da ya kamata a ce wani ya yi ke nan da maƙeran Wagini da na Runka.

Amma in aka rasa wani abu an sami wani. Tsohon ƙarfen Turai ya kawo wa maƙeranmu abin da tama ba ta cika ba su ba, wato ƙarfen da ke amsa ban ruwa kowane lokaci. Sarkin waɗannan ƙarafa shi ne sifirin na mota, wanda ke ɗauke da kabon kusan kashi 0.6 cikin ɗari, daidai abin da adda da gatari da barhon mahauci ke so. Tsohon magagari ya fi shi kabon, shi ya sa ya dace da ƙaramar wuƙa mai siririn baki.

Ban ruwa ya cancanci mu ɗan tsaya a kansa, domin shi ne amsar da maƙeranmu suka ba waccan tsohuwar matsalar. Bayan an gama ƙera ruwan wuƙa, sai a mayar da shi wuta, ɗan zuga yana zuga, har ya yi ja kamar garwashi. Waɗanda suka zauna ajin ƙere-ƙere a kwalejin kimiyya da fasaha sun san cewa a digiri 770 maganaɗisu ke daina kama ƙarfe, kuma ɗan sama da nan ake son a kai shi. Maƙeri ba ya da ma'aunin zafi, launi yake kallo. In ya wuce ja ya doshi ruwan ɗorawa, ƙarfen ya sha wuta fiye da kima, zai yi gautsi. In bai kai ba, ko an tsoma shi ba abin da zai canja. Da ya kai, sai a kama shi da awartaki a tsoma a ruwa ko a baƙin mai. Gwanintar tana wurin tsomawar. Gwani ba ya nutsar da gatari gaba ɗaya, bakin kawai yake shayarwa, ya ɗaga, ya kankare shi ya yi fari, ya tsaya yana kallo. Zafin da ya rage a jikin gatarin zai riƙa gangarowa zuwa bakin, launuka suna tafiya a gabansa, na farko kamar busasshiyar ciyawa, sai ruwan ƙasa, sai shunayya, sai shuɗi. Kowane launi yana nufin bakin ya ƙara sakin tauri ya ƙara samun juriya. Wuƙa tana son launin farko-farko, gatarin da zai sari ƙirya yana son a ɗan bari ya ƙara gaba. Da launin da ake so ya iso baki sai a tsoma duka a kashe zafin. Abin da ya fito shi ne ƙarfe guda mai hali biyu, baki mai tauri, baya mai juriya.

Ba kowane ƙarfe ne ke amsa wannan ba. Kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina, wanda Kobe Steel na Japan ya gina aka buɗe a 1982, rodi da waya aka kafa shi ya yi, don gini. Rodi kuwa kabon ɗinsa kaɗan ne, ko ka tsoma shi sau goma ba zai riƙe kaifin kirki ba. Saboda haka ko a lokacin da injinan kamfanin ke aiki a cikin birni, maƙerin Batsari wurin 'yan gwangwan yake zuwa neman karyayyen sifirin.

Yanzu mu waiwayi titaniyam. Wani limamin coci a Ingila mai suna William Gregor ne ya fara gano shi a baƙin yashin wani rafi a 1791. Ba ƙarfe ne mai wuyar samu ba, shi ne na tara a yawa cikin sinadaran ɓawon ƙasa, kuma farin fentin da muke shafa wa ɗakuna daga gare shi yake samun farinsa. Wuyarsa raba shi da dutsensa. In ka gasa dutsen da gawayi kamar yadda ake yi wa tama, haɗewa zai yi da gawayin ya zama wani abu dabam, in kuma ya yi zafi a fili sai ya sha iska ya yi gautsi. Sai a wajen 1940 William Kroll, mutumin Luxembourg, ya fito da hanyar da ake bi har yau, wadda ke buƙatar sinadarai masu haɗari da tukwanen da aka kore wa iska. Wannan ne ya sa yake da tsada, shi ne kuma ya sa ba maƙerar gawayi da za ta taɓa fitar da shi, ko ta wane gwani ce.

Falalarsa uku ce. Nauyinsa bai kai kashi 60 cikin ɗari na baƙin ƙarfe ba, ba ya tsatsa ko a ruwan gishiri, maganaɗisu kuma ba ya kama shi. Shi ya sa ake sa shi a jiragen sama da cikin jikin wanda ya karye, shi ya sa kuma masu nutso a teku da masu kwance nakiya ke son wuƙarsa. Aibinsa ɗaya, kuma a wurin wuƙa shi ne babba: ba ya tauri. A ma'aunin Rockwell, wanda da shi ake gwada taurin ƙarafa, wuƙar ƙarfe mai kyau tana tsakanin 56 da 62, titaniyam ɗin da aka fi amfani da shi kuwa wajen 36 yake tsayawa. Saboda haka yawancin abin da ake kira wuƙar titaniyam ƙotarta ce kawai titaniyam, ruwanta ƙarfe ne. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Sebenza, ta Chris Reeve, maƙerin da ya tashi a Afirka ta Kudu ya koma Amurka, ya fito da ita a farkon shekarun 1990. Sunan nata kalmar Zulu ce mai nufin aiki.

Waɗanda suka nace sai ruwan ma ya zama titaniyam su ne suka koma ga kabayid. Kada mu rikita shi da kabayid ɗin masu walda da masu nuna ayaba, suna ne kawai ya haɗa su. Wannan haɗin tungistan ne da kabon, wanda aka gano yadda za a curo shi a Jamus a 1923, kamfanin Krupp ya shiga sayar da shi da sunan Widia. A ma'aunin da daimon ke da maki 10, shi yana wajen 9. Mun san shi ba tare da mun san sunansa ba. Shi ne a haƙoran injin haƙa rijiyar burtsatse, shi ne a kan abin huda kankare, kuma ɗan ƙwallon da ke bakin biron Bic da muke rubutu da shi ma shi ne. Hanyar liƙa shi a jikin wani ƙarfe ta samo asali ne daga aikin wasu miji da mata 'yan Tarayyar Sobiyet, Boris da Natalya Lazarenko, waɗanda a 1943 suka gano yadda za a sarrafa ƙarfe da tartsatsin lantarki. Maƙeri yana riƙe ɗan sandan kabayid mai karkarwa, yana bin bakin wuƙar da shi, kowane tartsatsi yana narkar da ɗan ƙwaya ya manna. Kaurin abin da ke zama bai wuce na silin gashi ba. Wani abin lura, duwatsun da ake fitar da titaniyam da tungistan duk akwai su a ƙasarmu, na farko cikin ragowar yashin kuzar Jos, na biyu a Riruwai ta jihar Kano.

Sirrin wasa kai yana cikin shafa gefe ɗaya. Duk wanda gafiya ta taɓa shiga rumbunsa ya san aikin haƙorinta. Haƙoran gabanta suna da fuska mai tauri da baya mai laushi, tana gwaguya bayan yana cinyewa da sauri, fuskar tana tsayawa, kullum sai bakin ya zama kamar kurfi. Haka wuƙar take. Titaniyam mai laushi yana cinyewa, kabayid yana fitowa fili. Wannan shi ne ɓangaren gaskiya na tallar.

Sauran sai mu kai ta kasuwar Batsari ranar Alhamis mu ba masu sana'a su gwada. Bakin kabayid ba sumul yake ba, ƙananan haƙora ne da shi kamar na zarto. Mai yankan igiya, da mai farke kwali da buhu, za su yabe ta, domin a irin wannan aikin na ja da gurza takan daɗe tana ci bayan wuƙar ƙarfe ta gaji. Masunci ma zai so ta, tunda ba ruwanta da tsatsa. Wanzami kuwa ko kallonta ba zai yi ba, bakin da ke da haƙora ai ba ya aski, kankara yake yi. Masassaƙi zai ga tana yagar itace maimakon ta fere shi. Mahauci ne zai fi kowa gano rauninta. Da ta daki ƙashi, titaniyam ɗin da ke ƙarƙashin kabayid zai lotsa, siririn ɓawon nan mai tauri ya rasa abin jingina ya ɓare. Kuma ba zai iya yi mata abin da ya saba ba, domin in ya goga gefen da aka shafa a kan dutse, kuɗinsa yake kankarewa. Gefe ɗaya kawai ake taɓawa, in kuma kabayid ɗin ya ƙare sai an mayar da ita wurin mai injin tartsatsi.

Nan ne muke ganin ta gaza. Mahaucinmu bai taɓa neman wuƙar da ba ta dakushewa ba. Wadda yake so ita ce wadda in ta dakushe, goga biyu ko uku za su dawo da ita, in ta ɓantare kuma ya aika yaro maƙera a gyaro ta kafin azahar. Barhon sifirin yana tsatsa, yana da nauyi, ba shi da kyan gani, amma duk abin da zai same shi akwai maganinsa a cikin gari. Mu kuma masu rubutu, da ba mu cika tuna wuƙa ba sai in wani zai zaro ta ya daɓa wa wani a babi na ashirin, da ma mun san cewa ta mahauci dabam, ta dukawa dabam, ta mai gyaran ƙwarya dabam.

Abin da ke cin maƙeranmu a yau ba titaniyam ba ne, don ko sunansa yawancinsu ba su taɓa ji ba. Reza ta daɗe da raba wanzami da rabin kasuwarsa. Ƙarfen nan mara tsatsa da Harry Brearley ya gano a Sheffield a 1913 ya dawo mana a siffar wuƙaƙen kicin masu araha daga Sin, kuma su amare ke so a kayan ɗaki. Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya sami dajin. Rugu da ta ba maƙeran Ruma gawayi ta zama mafakar 'yan bindiga. Ƙauyuka sun watse, wasu an ƙone su, irin su Tsauwa da Ɗankar inda aka kashe mutum 30 a dare ɗaya a watan Fabrairun 2020. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, har da Batsari da Safana, ta kuma hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. Ko da dalilin dokar tsaro ne, sarƙar a bayyane take. In ba dabba a kara, mahauci ba ya sayen wuƙa. In manomi bai je gona ba, ba ya kawo hauya gyara. Ga kuma zargi, tunda maƙera ce ke iya ƙera bindigar gargajiya, kowane ɓangare yana yi wa mai masaba kallon wanda ke yi wa ɗayan aiki.

Ilimin ban ruwa kuwa irin na narka tama ne, ba a littafi yake ba. Yaro yana fara shi ne daga kan zugazugi, ya shekara da shekaru yana zuga yana kallon wuta kafin a bar shi ya riƙe awartaki. Launukan nan ma sai a maƙera mai ɗan duhu ake ganinsu sosai, a tsakar rana jan ƙarfe yana ruɗin ido. Maƙerin da ya baro ƙauyensa ya koma gefen titi a Batsari ko Dutsin-ma ko birnin Katsina yakan iya ɗauko masabarsa da awartakinsa, amma sau da yawa yaran da ke zuga masa sun watse neman abinci. Gawayin da zai samu a buhu na kowane irin itace ne, mai saurin cinyewa. Ƙirya tana can cikin Rugu, wadda aka sare kuma sai ta shekara da yawa kafin wata ta kai girman da za a toya.